Tari a Gindin Dutsen Potosi

Ubangiji, ƙarfe huɗu ne na asuba.
Ruwan bokiti ya daskare, sai da na fasa shi da dutsen guga.
Eusebio yana tari a bayan labule.
Shekara goma sha tara yana cikin dutsen nan
yana haƙo kuza da azurfa wa mutanen da bai taɓa gani ba,
yanzu dutsen ya biyo shi gida,
ya tare masa a ƙirji, ba haya, ba ranar tashi.

Ban zo da ladabi ba yau.
Na durƙusa ne don ƙafafuna sun gaji.
Ana cewa garinmu yana dab da sama,
har baƙi kan yi haki in sun hau matakala uku.
To in muna kusa da kai haka,
ina muryata take maƙalewa?

Ran Lahadi na kunna kyandir a coci,
na dafa ƙafar gicciye
inda itacen ya yi santsi da tafukan mata irina.
Fada yana wa'azi, ni ina lissafin kuɗin tukunyar iska.
Na fito yadda na shiga.
Kyandir ne kawai ya ragu.

Ran Litinin likita ya ɗaga hoton ƙirji ga taga,
huhu biyu kamar an barbaɗa musu gari.
Ya daɗe yana gyara gilashinsa.
Na gane.

A hanyar dawowa, yaron motar nan, Wilmer,
mai leɓe a tsattsage don sanyi,
ya goya mijina daga bakin titi har ƙofa,
hawa ɗari da wani abu, yana nishi.
Na miƙa masa kuɗi, ya maida hannu aljihu.
Ya ce, babana ma haka ya yi tari.
Ban tuna da kai ba a lokacin,
murna nake canjina ya tsira.

Sai Casilda.
Shekara uku ba ma ga maciji saboda famfon tsakar gida.
Ta turo ƙofa ba sallama,
ta dire tukunyar miyar busasshen dankali, tana tururi,
ta wanke mini kwanuka kamar mai faɗa da su,
ta fita.
Har yau ba wanda ya ta da zancen famfo.

Daren jiya ya ce in ɗora masa tafi a baya.
Na ɗora, ina ƙirga numfashinsa
yadda nake ƙirga tsabar kuɗi a ƙarshen wata.
Tsakanin tari da tari akwai wani ɗan shiru,
a cikinsa na ji ba mu biyu ba ne a ɗakin.
Ban ga haske ba, ban ji murya ba.
Katifa ce dai ta ɗan lotsa ta wajen ƙafafu,
kamar wani ya zauna, ya gaji shi ma.

Sai na tuna, Yesu,
an rataye ka a itace wata Jumma'a,
kana tattaro ƙarfi kafin ka ja iska ɗaya.
Ashe ka san tsadar numfashi.
Ashe ba daga sama za ka sauko ba,
daga ƙasa kake hawowa, da wani a goye.

Bai warke ba. Kada ka ce na ce ya warke.
Ina nan ina bin ka bashin amsa,
gobe ma zan zo da fushina, ka saurare ni.

Gari ya fara wayewa a kan dutsen.
Ga tukunyar Casilda a wanke,
kuma ba a maida tukunya wofi.
Ƙwai biyu gare ni.
Zan sa ɗaya.