Lita Biyu

Lita biyu na isansi, iyakar abin da ke gare ni,
cikin tsohuwar kwalba mai marfin leda,
sai inji guda mai tari irin na kakana,
sai fangali ashirin a garkar Tadis,
kowanne ya buɗe baki yana kiran sunana.

Bara ban san wannan lissafi ba.
Na ɗauka yini rijiya ne,
kome ka ɗiba, da safe ya sake kawowa.
Arzika ya ce in kai shi tasha, na ce to.
Nomau ya ce in riƙe masa tunkiya kasuwar Lahadi, na ce to.
A fada an ɗora shayi. Na fari ya wuce da ɗacinsa,
na biyu ya zo da gardamar kokowa,
na uku ya iske inuwar bedi ta koma gabas,
ni ko ina ta latsa waya
kamar a cikinta na dasa albasa.

Da na isa garka,
irin da na yi kwana arba'in ina reno
ya kwanta rub da ciki, ya yi fari.
Ba tsutsa, ba akuya, ba ɓarawo.
Na waiga neman wanda zan zaga,
inuwata kaɗai na tarar tsaye.

Gwaggo Tsahara, da darni ɗaya ya raba mu,
ko sannu ba ta ce ba.
Ta ɗaga kwalbar, ta girgiza a kunnena:
"Wannan kana auna shi da ido, kana rowarsa ko ga ɗan'uwa.
Hantsin da ka zubar bisa titi fa, wa ya auna?
A wane gidan mai ake saida jiya?"

Tun ranar, da dare nake yanke shari'ar gobe.
A kayen ɗiyata, ragowar lakwal,
nakan rubuta abu uku.
Na huɗu in ya matsa, ya kwana waje.

Asuba ta sabon dashe ce, su da saiwarsu ba ta kama ba.
Manyan da suka yi kai su jira,
ƙishin yini ɗaya ba ya kashe su.
Tattasai can ƙarshen layi, in mai ya rage;
in bai rage ba, guga na nan, kafaɗata na nan.
Na gane ba mai yawan kuka ke bakin mutuwa ba,
wani shiru yake yi, kuma shi ya fi kusa.

Waya na aljihun riga, riga na bisa reshe,
ta yi ta rera wa tsuntsaye har azahar.

"Ba yau ba."
Ƴan kalmomi uku, sun fi buhun albasa nauyi.
Da na fara faɗa wa Arzika
kwana biyu bai amsa gaisuwata ba,
har yau Alhaji Agogo yake kirana.
Na karɓi sunan. Ya fi wanda na ba kaina bara.

Ba kullum takarda ke yin nasara ba.
Ranar da aka yi rasuwa a Funkoye
na kashe inji da ruwa a bakinsa, na bi mutane.
Wannan ma yana cikin ukun,
ko da alƙalami bai san da shi ba.

Bana ruduna bai cika ba, ya dai wuce rabi.
Ina zuwa fada bayan isha, in sha kofi ɗaya, in yi dariyata.
Kafin in kwanta sai in girgiza kwalbar.
Ba ta cewa kome.
Na san inda kowane ɗigo ya tafi.