Takardar Balangu

Ranar Laraba, a bakin tashar Ƙaura,
inda dogo ya ƙare, ciyawa ta ɗora,
na sayi balangu wurin Ɗanjimma.
Ya yanka, ya barbaɗa yaji, ya naɗe,
ya miƙo mini sunan kakana.

Ban lura ba sai da na ci rabi.
Mai ya ratsa takardar har ana hangen yatsa,
ga baƙaƙe a sama da shuɗin tawada:
BAWA NA-GOJE DA 'YA'YANSA,
Masu Sayen Gyaɗa, Auduga da Ƙiraga,
Daura da Sikelin Tasha.
A gefe zanen buhu biyu,
ɗaya ya fi ɗaya ƙiba,
hannun mai sassaƙa hatimi a Gusau ya goce.

Da 'ya'yansa!
Shekarar da aka buga wannan
ɗa guda gare shi, yana rarrafe.
Sauran ya sa aka buga su tun ba su zo ba,
ya biya fam biyu da sule goma
aka ɗinke masa burinsa littafi ashirin.

Na koma. Na ce, ina sauran?
Ya ce, "Mi kaka biɗa? Takarda ta, ba zinari ba.
Kawunka Labbo ya kawo su,
wai gara ta shiga adaka, in rage mishi kaya."
Na biya kuɗin cinya guda,
na tafi gida ba nama.

Da dare na baje su kan tabarma.

Rasit na ɗari huɗu da bakwai:
Tumba daga Kurya, buhu uku,
an zabge laba shida saboda tsakuwa.
Bai iya sa hannu ba, ya dangwala yatsa.
Yatsan na nan, layi bayan layi
kamar kunyoyin gonar da ya baro.
Tumban ne babu.

Sai wata falle, ajami, bugun dutse,
irin da ake shimfiɗawa a ƙofar masallacin Juma'a,
taro ɗaya, a danne da tsakuwa kada iska ta kwashe.
Wa'azi ne kan ranar awo.
Mawaƙin bai sa sunansa ba.
Kakana ya ja layi ƙarƙashin baiti guda
har alƙalami ya huda takardar.
A bayanta kuwa lissafin la'ada ne,
an tara, an ɗebe, an sake tarawa.
Na juya gaba, na juya baya,
ban san wanne ya riga wanne ba.

Ta ƙarshe ba tamu ba ce.
Waƙoƙin Kirsimeti na cocin ma'aikatan jirgi,
bugun tafireta, harafin "a" duk ya toshe.
A bayanta Istifanus, akawun tasha, ya rubuta:
Na karɓi aron fam ɗaya, matata na kan gwiwa.
Ƙasa da shi, hannun da na sani,
daga dama zuwa hagu:
An yafe. Ɗiya ce.

Ba wanda ya taɓa ba ni wannan labari.
A gida abin da aka riƙe,
mutum ne mai tsanani, baya barin kwabo.

Na ƙirga lambobin. Daga ɗaya zuwa casa'in babu,
sun bi nama sun shiga gari.
Wani ya goge hannu da kakana,
wani ya hura wuta da shi,
wata akuya a Sabon Gari ta tauna "'Ya'yansa".
Na so in yi fushi, fushin ya ƙi zama.
Ai don ta bi hannuwa ya buga ta.

Mai man nan na sa a ƙarƙashin gilashin tebur.
Tun jiya kiyashi ke zagaye,
sun ji ƙanshi, sun rasa ƙofa.