Saukar Gaggawa a Gonar Albasa

Kwana tara suna shawagi a kanmu,
jirage biyu ƙanana, ɗaya ja, ɗaya ruwan ƙwai,
suna zagaya madatsar Dadin Kowa
kamar maruƙan da aka kwance wa igiya.
Aka ce tsere suke koyo.
Na ce, tsere a sama? Wa ya shata musu layi?

Rana ta goma, da hantsi,
ina tsugune ina buɗe wa ruwa hanya zuwa fangali na huɗu,
sai suka karyo kwana tare,
jan a ƙasa, ruwan ƙwan a bisa,
har inuwarsu ta zama guda a kan ruwa.
Ƙarar ba ta kai tsawa ba.
Ƙwas! Kamar an taka busasshiyar ƙwarya.
Ɓallin fiffike ya rabu, yana juyi, yana walƙiya,
ya faɗa tafki. Balbelu suka watse.

Ruwan ƙwan ya yi yamma yana ɗingishi, wajen Lawanti.
Jan ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.
Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba:
jirgi a sama, farfela a tsaye,
iska kaɗai ke fito a jikinsa.

Duk faɗin fadamar nan,
ga shinkafar Jauro Manga, ga tumatirin Ankale,
albasata ya zaɓa,
wadda na yi wata uku ina goyo.
Na yar da fartanya, na kwanta cikin lambatu,
salati rabi a baki, rabi a laka.

Ya daki ƙasa, ya yi tsalle, ya sake duka,
ya yi huɗar da shanu huɗu ba sa yi a yini,
ya kafa hanci a kunyar ƙarshe, wutsiya sama,
kamar kaza mai tono.

Murfi ya buɗe.
Sa'ar 'yata ce ta fito, gwiwa na jini.
Ba ta dubi gwiwar ba. Rigata ta damƙe:
"Baba, ɗayan fa? Ka ga ya faɗi?"
Na ce ya yi yamma.
"Da hayaƙi?"
Na ce ban ga hayaƙi ba.
Na gani kaɗan. Allah Ya yafe mini.

Muka tsaya, ni da ita da ƙarfen da ke huci,
har rediyo ya yi kaki a cikinsa:
"Rifkatu, Rifkatu, Sambo ne. Na sauka. Kina ina?"

Sai ta zauna daɓas a cikin taɓo.
Warin albasar da taya ta niƙe ya cika wurin,
hawaye na bin kumatunta har haɓa.
Ta ce, "Albasar nan ce."
Na ce, "Ai haka take, 'yar nan, ta bana da yaji."
Na juya baya, na goge nawa da bakin riga.

Masu farar mota sun zo, sun auna, sun rubuta,
sun ɗauke jirgin gunduwa-gunduwa.
Diyya dai har yau tana kan takarda.
Amma kwarin da ta huɗe mini,
nan na dasa yabanyar bana,
kuma duk gonar, shi ya fi riƙe ruwa.