Abin Nan

Ƙarfe huɗu, ofishinmu na Barnawa,
janareto na tari a bayan taga,
Shekari ya turo min aikinsa in auna:
'yar manhajar neman ayyuka, sabuwa fil,
bayaninta kalma uku kacal:
"Tana nemo ayyuka."

Na karanta. Na kurɓi shayin da ya huce.
Na sake karantawa ko wani abu zai ƙaru.

Wanda zai karanta wannan ba mutum ba ne.
Ɗan aike ne na ƙirƙirarriyar basira,
bai taɓa hawa matakalarmu ba,
bai san Shekari na haɗiye rabin zance in yana sauri ba,
ba zai leƙo ta kan tebur ya ce, "Oga, me kake nufi?" ba.
Abin da aka rubuta masa shi ne duniyarsa,
daga bango zuwa bango.

To, na aike shi, don gwaji.
Na ce, nemo min abin da ya rage wa Kande a makon nan.
Ya zabura kamar ɗan acaɓa ya hango fasinja,
ya dawo da ayyuka ɗari biyu da tara,
har da na bara, har da waɗanda aka rufe,
har da na wata Kande da ta bar mu tun kafin azumi.
Ya jere su gabana tsaf,
da ladabin wanda ya tabbata ya kyauta.

Ban ji haushinsa ba. Babana na tuna.

Shekara talatin yana dukan ƙarfe a Panteka,
ban taɓa jin ya ce wa Ilu "miƙo min abin nan" ba.
"Sifana sha uku," yake cewa, "mai lanƙwasasshen baki,
tana gwangwanin madara, ƙarƙashin benci.
In babu, kar ka kawo min sha huɗu,
dawo ka ce babu."
Ranar da kafintan gefenmu ya hau yaronsa da faɗa
don ya sayo ƙusa inci biyu maimakon uku,
Baba ya ajiye guduma, ya ce,
"Da kake aikensa, bakinka na ina?"

Sai na jawo takarda, na titsiye kalma ukun nan.
Da me ake nema, da suna ko da lamba?
Kwanan wata fa, rana ce a gaba ko wata?
Aikin da aka gama yana fitowa, ko sai an kira shi?
Guda nawa take ɗaukowa a sawu ɗaya,
sauran kuma a ina suke jira?
In ba ta sami komai ba, za ta faɗa?
Don shiru iri biyu ne,
akwai na babu, akwai na lalacewa.
Yaushe ne kuma bai kamata a taɓa ta ba sam,
tunda ga 'yar'uwarta can mai buɗe aiki ɗaya tak?

Na ba bayanin biyu cikin goma.
Na goge, na sa uku, don dai bai yi ƙarya ba.

Shekari ya zo yana sosa ƙeya.
"Ai kowa ya san yadda take aiki."
Na ce, ni da kai ne kowa?

Muka zauna har hadari ya haɗo ta wajen Kakuri,
kalma uku ta koma layi tara,
da misali guda, wanda ya fi layukan duka ƙwazo.
Na sake aikensa.
Ya dawo da huɗu, na Kande, Kanden yanzu.
Na biyar ya ce bai tabbata ba,
ba a sa masa kwanan wata ba.
Wannan "ban tabbata ba" ta fi min ɗari biyu da taran ɗazu.

A kan gada, cikin cunkoson yamma,
ruwa na dukan rufin keke, kogi ya yi jawur a ƙasa,
direba ya waiwayo: "Hajiya, ina za a sauka?"
Na buɗe baki zan ce "can gaba kaɗan,"
sai na kama kaina.

"Kabala, layi na biyu bayan gidan mai,
koriyar ƙofa, daura da mai tsire.
In ka ga masallaci, ka wuce."