Ɓarin Goro

Da asuba aka kira ni Tudun Hatsi.
Kafin in iso, Gombe ta riga ni zuwa:
ƙafa ɗari ta tattake ƙofar sito,
wata baiwar Allah ta kwara ruwa a kan jinin,
wai ba kyau rana ta fito ta gan shi.
Sannu, Inna. Kin wanke mini rabin magana.

Maigadi, Bappa Manu, yana asibiti,
kai a fashe, baki a rufe.
Buhun wake arba'in sun yi ƙafa.
Taro kuwa ya gama shari'arsa tun da duhu:
ga Ɗanliti ɗan dako zaune a ƙasa,
riga a yage, leɓe a kumbure,
don jiya an ji shi yana faɗa kan kuɗin dako.

Na ja igiya daga turken sikeli zuwa gindin maina,
na sa safar hannu,
na durƙusa kamar mai tsintar tsaba.
Ƙasa nake tambaya,
ita da ba ta da dangi a kasuwa.

Kwaɗon ƙofa bai ji guduma ba,
da makulli aka lallashe shi.
Sawun mota ya nufi yamma, tayar hagu ta suɗe.
Sai can bayan buhunan dawa,
inda ruwan Inna bai kai ba,
ga ɓarin goro, fari, na daren jiya,
an gatsa sau ɗaya an aza kan bulo
kamar mai shi zai dawo.
Haƙora biyu sun nutse,
tsakaninsu ɗan tudu ya tsira.
Wushirya.

Goro ba ya jira.
Kakata ta sayar da shi shekara talatin a Kumo,
takan ce, bar shi a iska,
jibi ya yamutse kamar fuskata.
Don haka na aza rula a gefensa na ɗau hoto,
na goga auduga inda miyau ya bushe,
na kwaɓa farin gari na kwafe cizon
tun yana da danshinsa.
Ambulan na takarda na sa,
leda gumi take yi, gumi kuma uwar fumfuna.
Lamba bakwai. Ƙarfe shida da minti sha biyu.
Na sa hannu.
Kofur Rifkatu Yila ta karɓa, ta sa nata.
Duk hannun da ya taɓa sai ya bar sunansa,
saboda ranar da lauya zai miƙe, ya gyara baƙar riga,
ya ce: a wurin wa ya kwana daren Talata?

Na ce, Ɗanliti, buɗe baki.
Ya buɗe. Gaba wayam,
amalanke ta kwashe su tun bara.
Ban ce ya fita ba.
Goro bai rantse cewa mai cinsa ne ya ɗaga sanda ba.
Iyakar abin da ya faɗa:
wani ya tsaya nan cikin dare, hankali kwance,
har ya sami sukunin ɓare goro.

Hantsi ya yi, akawun sito, Malam Barkindo,
mai rataye da makullai a ƙugu,
ya kawo shayi kofi biyu,
ya yi mini sannu da aiki,
ya yi murmushi.

Na dubi murmushin. Na mai da ido ƙasa.
Rabin garin nan na da wushirya,
har ƙanwata, har limamin unguwarmu.
Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya,
kuma ba ya shiga ambulan.
Audugar nan za ta yi doguwar tafiya,
ta bi layi a bayan na wasu,
mako uku, wata uku, Allah masani,
Ɗanliti yana ƙirga su ta bayan kanta.

Na shanye nawa.
Shi ma ya kurɓi nasa, ya ajiye kofin a kan bulo,
ya tafi amsa waya.
Na juya wajen Rifkatu, na rage murya:
akwai sauran ambulan?