Hantar Mahauci

Shekara talatin da ɗaya ina juya hanta a tafin hannu
a layin mahauta, kasuwar Nima.
Da ido nake sanin ta ƙwarai:
ja wur, tana sheƙi, bakinta siriri kamar kaifin aska.
Wadda kitse ya ci kuwa ta koɗe, bakinta ya dakushe,
ka danna yatsa ta marmashe.
Irinta nakan ture gefe,
ko in sayar wa mai sauri dab da magariba.

Wata Talata a Korle Bu
Dakta Ofosuwa ta juyo mini da allon na'ura.
Ta ce, Alhaji Tanimu, ga taka.
Kafin ta ƙara kalma na gane.
Da a teburina aka kawo ta, da ban saya ba.

Tabo uku, ta zagaye su da biro.
Dajin da aka yanke mini a hanji bara
ashe ya bar 'ya'ya, sun bi jini,
sun kama haya a ɓangaren dama.
Za mu cire wajen, in ji ta, saura ya tofo,
hanta takan tofo kamar zogalen da aka sare.
Sai dai mai kitse ragguwa ce.
Hau sikeli.

Kilo ɗari da goma sha huɗu.
Allura ta yi rawa ta tsaya,
ba wanda ya danna mata babban yatsa.
Na tuna sau nawa na cusa kitse ƙarƙashin tsoka
don awo ya cika.
Ashe ajiya nake yi.

Tumbin nan, a unguwarmu sunansa rufin asiri.
Ran da ya fara ɗaga mini riga
aka fara ce mini Alhaji, tun ban ga Makka ba.

Mako shida Zuwaira ta ɓoye galan ɗin manja.
Ganye, busasshen kifi, tuwo malmala guda.
Bayan asuba in taka har Kawukudi in dawo,
tiroto na yi mini oda, ina ɗaga masa hannu ya wuce.
Mai shinkafa da wake ta aiko tambaya ko ta yi mini laifi.

Wanzami ba ya son jarfa.
A kan gadon tiyata na tambayi yaron da ke jera wuƙaƙe
ko an wasa su.
Ya yi dariya a bayan takunkumi.
Ban kai ƙarshen Fatiha ba.

Na farka da tiyo a haƙarƙari,
ɗinki ya gangaro ya karya kwana.
Na ƙirga, talatin da biyu.
Hannunta na da tsafta, na yarda,
ba ta ɓata nama ba.

Gadon kusa da ni malamin makaranta ne daga Chorkor,
Mista Ankra, siriri kamar tsinken tsire.
Aiki ɗaya aka yi mana.
Ni mai ƙiba na fito da ƙafata,
shi wata biyar ya ƙara,
matarsa ce ta ɗauki wayar.
To, sikeli ma ba komai ya sani ba.

Na ce, Dakta, shekara nawa?
Ta ce ita ba ta awo da wannan mudu.
Ka dawo bayan wata uku, mu sake leƙawa.
Haka nake rayuwa yanzu, uku-uku,
kamar mai sayen gawayi a leda.

Yau wata na tara.
Habibu ke sara, ni ina zaune ina karɓar sidi.
Na huda ɗamarar wandona huda biyu da ƙusa.
Ɗazu aka kawo hantar wani bijimi, da ɗuminta,
na daɗe ina riƙe da ita
har mai saye ta ce, Alhaji, ta sayarwa ce ko kuwa?

Katin asibiti na aljihun gaba.
Sha huɗu ga wata, ƙarfe takwas,
kada in karya kumallo.