Ɗan Aike Mai Ƙafar Roba

Mu sittin da huɗu ne a ajin,
shi kuwa ɗaya tal.
Girmansa bai wuce kwanon sha ba:
taya biyu, ido ɗaya mai jan haske,
da wata waya da Malama Kangyang ta ɗaure da salatif.
Kunkuru muke ce masa.

Kafin layi ya zo kanka
sai ka yi mako uku da inuwarsa cikin kwamfuta.
Can ƙasa a shimfiɗe take kamar faifai,
ba tsakuwa, ba gangare, batir ba ya mutuwa.
Ka yi karo da bango sau ɗari,
ka danna maɓalli, bangon ya yafe maka.

Can na zama gwana.
Gaba taku goma, juya dama, maimaita sau huɗu,
ya zagayo ya tsaya daidai inda ya tashi.
Na ɗauki hoto na tura wa Inna a Faringada,
tana tsakanin kwandunan tumatir ta kira ni:
to, shi wannan abin, me yake ci?

Ran Laraba, ƙanƙara na dukan rufin Naraguta,
aka kira sunana.
Na ɗura masa umarnina, na ajiye shi a siminti.
Kusurwar farko lafiya lau.
A ta biyu tayar hagu ta sami wata tsaga,
ya ɗan karkace.
A ta uku ya nufi ƙafar tebur
ya dungure ta, ya sake dungurarta, ya sake,
don ban taɓa ce masa ya duba gabansa ba.

Sabi'u ya yi dariya har ya ƙware.
Malama ta tsuguna, ta ɗaga shi, tayoyin na juyi a iska.
Ta ce, bai yi miki gardama ba.
Abin da kika faɗa shi ya yi.
Abin da kike nufi yana nan cikinki, ba ki ba shi ba.

Sai na tuna ina shekara shida
Inna ta aike ni sayen gishiri shagon Baba Dung.
Na tarar a rufe.
Na tsaya nan har magariba, naira ashirin ta jiƙe a hannuna,
don ba wanda ya ce mini:
in a rufe yake, ki dawo.

Na koma kujera na ƙara kalma ɗaya: idan.
Idan ka ga abu a gabanka, tsaya.
Na manta waƙafi mai ruwa, ya ƙi ko motsi.
Na sa.

Ya tafi, ya sami tsagar, ya karkace kamar ɗazu,
ya nufi ƙafar teburin nan,
saura yatsa biyu
ya tsaya cak.

Ban san ina riƙe da numfashi ba sai da na sake shi.
Malama ta duba takardarta: Nanpon, layinka ne.
Aka ɗauke wuta.